Kundin gwaji: Septet ɗin da Max Bruch ya rubuta yana ɗan shekara 11

10 ga Satumba, 2024

An tsayar da magana yau. Abin da za mu sa a gaba wannan hunturun shi ne Septet na mai tsara kiɗa Max Bruch, kiɗan mutum bakwai da ya rubuta a 1849. Ƙungiyarmu ta 'yan sha'awa ce a nan Kolon ta Jamus, kowa da sana'ar da yake ci da ita, ranar Talata da daddare muke haɗuwa a wani ɗakin taro na unguwa. Ni ne mai klarinet, kuma a nan zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya.

Uku ne masu busa: klarinet, horn da basun. Huɗu masu tsirkiya: biyolin biyu, celo, da kwantirabas, babban gogen nan da ya kai tsayin mutum. Babu mai sanda a gaba yana ba da umarni, kuma kowa shi kaɗai ne a layinsa. In ka ɓata, babu na kusa da zai rufa maka asiri.

Bruch ɗan garin nan ne. An haife shi ranar 6 ga Janairu 1838, ya rasu a Balin ranar 2 ga Oktoba 1920. Yawancin mutane abu ɗaya suka san shi da shi, konceton biyolin na farko, wato kiɗan mai biyolin ɗaya da rakiyar babbar ƙungiyar makaɗa, Opus 26 a lambar jerin ayyukansa, wanda mai biyolin Joseph Joachim ya kaɗa a Bremen a 1868 bayan an yi masa gyaran ƙarshe. Wanda ya ɗan zurfafa zai ƙara da Kol Nidrei da Scottish Fantasy. Septet ɗin kuwa ko lambar opus ba shi da ita, bai kuma fito a ɗab'i ba sai shekaru masu yawa bayan rasuwar mai shi. Dattijon da ke busa mana basun ne ya kawo shawarar. Ya ce ga ɗan gida, ga kayan da ya nema duk muna da su, me zai kai mu nesa. Kowa ya yarda. Mutum ɗaya ce ta yi shiru, mai biyola, gogen da ya ɗan fi biyolin girma da kaurin murya, domin babu ita a ciki.

24 ga Satumba

Karatun farko, daga farko har ƙarshe, ba a tsayawa sai in an watse gaba ɗaya. Babi huɗu ne. Na farko yana buɗewa a hankali, Andante maestoso, sannan ya zarce Allegro con brio. Na biyu Adagio, mai tafiya a hankali. Na uku Scherzo, mai sauri da raha. Na huɗu ya sake farawa da nauyi, Largo, kafin Allegro vivace ya kwashe shi a guje. In an kaɗa shi yadda ya kamata bai kai rabin awa ba.

Duk wanda ya taɓa zama kan Septet na Beethoven, Opus 20, zai gane gidan da yaron ya leƙa. An fara kaɗa na Beethoven a Biyana ranar 2 ga Afrilu 1800, ya kuma yi farin jinin da ya sa wasu suka bi sawu: Conradin Kreutzer ya yi nasa, Franz Berwald ya yi nasa a Suwidin, Schubert kuma a 1824 ya ƙara biyolin ɗaya ya mai da su takwas. Bruch ya ɗauki gidan sauti iri ɗaya da na Beethoven, wanda Jamusawa ke kira Es-Dur. Ya ɗauki masu busa ukun nan. Ya ɗauki dabarar buɗe babin farko da na ƙarshe da gabatarwa mai nauyi, har kalmar Allegro con brio ɗaya ce a babin farko. Inda ya rabu da shi wuri biyu ne: Beethoven babi shida ya yi, shi huɗu, Beethoven biyolin ɗaya da biyola ɗaya ya sa, shi ya cire biyola ya sa biyolin na biyu.

Gabatarwar nan ta farko ta tuna mini yaron da ya zura babbar rigar mahaifinsa ranar sallah yana taku da gaske. Mai biyolin na farko ta fara murmushi tun kafin mu kai ƙarshenta, sai dattijon ya sauke basun ɗinsa ya ce: “Kada mu kaɗa shi muna murmushi. Wanda ya rubuta ba wasa yake ba.” Muka sake daga farko, kowa ya ba sautin cikakken tsawonsa, nan take kiɗan ya miƙe tsaye. Ina ganin wannan maganar ce za ta riƙe mu har ƙarshen aikin.

8 ga Oktoba

Daren yau duk a saitin murya ya tafi.

A Jamus yawanci ana saita sautin A a kan 443 hertz. Klarinet ɗina na tsarin Boehm ne, irin wanda aka fi busawa a Faransa da Ingila da Amurka, an kuma ƙera shi don saitin da ya ɗan fi wannan ƙasa. Jamusawa nasu tsarin daban ne, yatsu daban, baki daban, harshen karan da ake ɗaurawa a bakin ma ya fi siriri. In muna gudu ba a cika lura ba, amma da mun tsaya kan dogon sauti ni da horn da basun sai a ji muryoyin suna gogar juna. Na sayo gajeren wuya, ɗan guntun katakon da ke tsakanin baki da jikin klarinet, wanda ya fi nawa gajarta da milimita biyu. Ɗan wannan bambancin ya ɗaga ni zuwa inda suke.

Masu tsirkiya su ma da nasu kukan. Es-Dur gida ne na masu busa. Ga klarinet irin nawa yana zuwa a takarda da alamar b, mai saukar da sauti rabin mataki, ɗaya tak, yatsu suna tafiya cikin sauƙi. Horn ma tun kafin a ƙirƙiro masa bawul, maɓallan da ake dannawa a canza sauti, wanda Stölzel da Blühmel suka yi wa rajista a 1818, a wannan gidan ya saba sakin jiki. Ga biyolin kuwa alamomin b uku ne, kuma biyu daga tsirkiyoyinsa huɗu, A da E, ba sa cikin gidan. Ke nan ba za a bar su su yi amo a sake ba, sai an danne da yatsa, kuma yatsan ɗan sha'awa bayan wunin aiki ba kullum yake sauka daidai ba. Mun yi yarjejeniya: kowane gwaji za mu fara da minti goma na dogayen sauti, kwantirabas a ƙasa, kowa ya hau kansa ɗaya bayan ɗaya.

19 ga Oktoba

Na shiga jirgin ƙasa zuwa Bon, na tsaya a dandalin Münsterplatz gaban mutum-mutumin Beethoven. An buɗe shi ranar 12 ga Agusta 1845, shahararren mai fiyano Franz Liszt ya zuba kuɗi a aikin, Sarauniya Victoria ta Ingila da Sarkin Prussia Friedrich Wilhelm na IV suna wurin. Wanda ya tsaya kai da fata a kan a gina shi shi ne Heinrich Carl Breidenstein, farfesan kiɗa a jami'ar Bon. Wannan mutumin ne, abokin mahaifin Bruch, ya fara koya wa yaron ƙa'idojin tsara kiɗa a 1849. Wanda malaminsa ya ba da shekaru wajen girmama Beethoven, ba abin mamaki ba ne a ji Opus 20 a bayan aikinsa.

Kafin Breidenstein uwa ce malama. Wilhelmine Bruch mawaƙiya ce, ita ta ɗora shi a hanya, kuma yana ɗan shekara 9 ya rubuta mata waƙa don ranar haihuwarta. Mahaifin, August Bruch, masanin shari'a ne kuma babban jami'in 'yan sandan Kolon. Manyan malaman da ake yawan ambata daga baya suka zo. Ferdinand Hiller bai iso Kolon ba sai 1850. Kyautar Gidauniyar Mozart ta Farankfot, wadda ta buɗe wa Bruch ƙofar karatu wajen Hiller da Carl Reinecke, a 1852 ya ci ta, yana ɗan shekara 14, da kiɗan masu tsirkiya huɗu. Septet ɗin ya riga duk wannan. Abin da ke cikinsa na uwa ne, da darasin farko, da kunnen yaron kansa.

Kwanan watan da ke jikin rubutun shi ne 28 ga Agusta 1849, ranar da babban marubucin Jamus Goethe ya cika shekara 100 da haihuwa. Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. Guguwar juyin juya halin 1848 tana lafawa da ƙarfin soja, a watan Mayu aka rufe jaridar da Karl Marx ke fitarwa a nan Kolon, babbar majami'ar garin da aka koma ginawa a 1842 tana tsaye rabi da rabi, sai 1880 aka gama ta. Ko ɗigon wannan hayaniyar ban ji a kiɗan ba. Kiɗan cikin gida ne, na yaron da hankalinsa ke kan ko horn zai amsa wa klarinet da kyau.

5 ga Nuwamba

Gardama ta tashi, kuma ta cancanci a rubuta ta dalla-dalla.

Mai biyolin na biyu zai yi tafiyar aiki a Disamba. Sai mai horn ya kawo shawara: a ba mai biyola layin gaba ɗaya, a sake rubuta mata shi, wasu wurare ma a saukar da shi ƙasa. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Biyolin ba ya sauka ƙasa da G, biyola kuwa tana kaiwa C, mataki biyar ƙasa da haka. Da aka cire ta, sai aka bar fili tsakanin biyolin biyu da ke sama da celo da kwantirabas da ke ƙasa. Ya ce Beethoven ya san abin da ya sa ya ajiye biyola a tsakiya, Schubert ma bai cire ta ba, yaro ɗan shekara 11 ne kawai bai kai ga gane haka ba, mu taimaka masa.

Ban yarda ba, na kuma faɗa. Filin nan ba fanko ba ne. Basun da horn ne ke zaune a ciki, kuma saboda babu biyola da za ta lulluɓe su, ana jin su fili-fili. Biyolin biyu a sama suna ba kiɗan wani haske da na Beethoven ba shi da shi. Ko mene ne dalilin yaron, haka ya rubuta, kuma haka kunnensa ya ji. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: da a ce Bruch mai shekara 40 ne ya yi wannan tsarin, babu wanda zai ɗauki fensir a cikinmu. Sai mu ce zaɓi ne, mu zauna mu nemo hikimarsa. Don yana ɗan shekara 11 ne muke ganin muna da izinin gyara masa.

Aka ce a gwada a ji. Muka ɗauki wani yanki na babin farko, muka kaɗa da biyolin na biyu, muka sake da biyola an saukar da layin. Gaskiya da biyola ya yi daɗi. Ya cika, ya yi ɗumi, ya yi kama da abin da kunne ya saba. Amma basun ya nutse, kuma abin da ya fito ya zama ƙanin Opus 20 kawai. Mai celo, wadda ba ta cika magana ba, ta ce na biyun ya fi kyau amma na farkon ne nasa. A kan haka aka tsaya: za a bar shi yadda yake.

Muna haɗa kaya mai biyola ta same ni ta ce: “Ni fa ba gyara masa nake son yi ba. So nake in kaɗa tare da ku.” Maganar ta tsaya mini a rai har na isa gida. Ta fi yawancinmu zuwa gwaji, ga shi hunturu guda za ta yi tana kallo. Dole a nemo mafita, amma ba a jikin takardar yaron ba.

12 ga Nuwamba

Scherzo kawai. Mun rage gudu sosai, muka sa na'urar ƙidayar bugu, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Matsalar ba yatsu ba ce, tsawon gajerun sautuka ne: harshen mai busa yana yanke su gajeru fiye da yadda izgar mai biyolin ke yi. Mai biyolin na farko ta koma tsakiyar izga tana barin ta ta yi tsalle, mu kuma muka ɗan sassauta harshe. An haɗu a tsakiya.

26 ga Nuwamba

Adagio. Nan ne zuciyar aikin, nan kuma na fi jin tsoron mu ɓata shi.

Abu na farko numfashi ne. Mai tsirkiya in izga ta ƙare juyawa yake ya ci gaba, ba a ko ji ba. Mu kuwa dole mu tsaya mu shaƙi iska, kuma in layin waƙa ya yi tsawo a hankali, inda ka shaƙa shi ke nuna inda jimlar ta ƙare. Sai muka ɗauki fensir, duk inda ni ko horn ko basun za mu yi numfashi aka sa alama a takardun mutum bakwai ɗin, har na mai kwantirabas. Yanzu masu tsirkiya suna jiran mu da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan ɗan jiran ya sa babin ya fara waƙa.

Abu na biyu ya fi wuya. Da mutum ya ji daɗin waƙar wannan babin sai ya ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ga mai konceton biyolin nan tun yana yaro. Akwai gaskiya a ciki, baiwar jan dogon layin waƙa tana nan tun lokacin. Amma in muka kaɗa shi muna hango konceton, sai mu cika masa nauyin da ba nasa ba, mu ja shi, mu matse kowane sauti. Bruch da kansa ya sha wahalar konceton nan. Ya sayar wa mai ɗab'i da shi a kan kuɗi dunƙule ɗaya, bai ƙara cin ribarsa ba, kuma har tsufansa yana ƙorafin cewa masu biyolin ba sa neman komai nasa sai shi. Bai kamata mu zo mu mai da aikin yarintarsa ma ɗan rakiyar wannan konceton ba.

Ba kuma zan zuzuta shi ba. Mendelssohn ya rubuta Octet ɗinsa, kiɗan masu tsirkiya takwas, a 1825 yana ɗan shekara 16, kuma wancan aikin gwani ne cikakke, babu wanda ke yi masa rangwame don shekaru. Septet ɗin Bruch bai kai can ba, tsakanin 11 da 16 kuwa tafiya ce mai nisa. A ganina akwai wuraren da ya maimaita abu fiye da kima, akwai mahaɗai da ake ganin ɗinkinsu. Abin da ya iya, ya iya shi da gaske: ya san yadda ake miƙa waƙa daga hannu zuwa hannu ba ta faɗi ba, ya kuma san lokacin da ya kamata wani ya yi shiru. Manya da yawa ba su iya na biyun ba. A daren yau mun rage girgiza sauti, mun ɗan ƙara tafiya, babin ya fito da sauƙinsa.

10 ga Disamba

An samu mafitar biyola, kuma daga wajen Bruch kansa ta fito. A 1910, yana ɗan shekara 72, ya fitar da Guntaye Takwas, Opus 83, na klarinet da biyola da fiyano. Don ɗansa Max Felix ya rubuta su, wanda mai busa klarinet ne, shekara guda bayan haka kuma ya ƙara da konceto na klarinet da biyola, Opus 88. Bakwai daga guntayen a gidan Moll suke, mai duhu-duhu, na 7 kaɗai ne a Dur, mai haske. Shi da kansa bai so a jera su duka takwas a zama ɗaya ba, don haka uku muka zaɓa: na 5 mai waƙar Romaniya, na 6 waƙar dare, da na 7 mai sauri. Mai biyola ta karɓi takardun da hannu biyu. Wata maƙwabciyar mai celo za ta riƙe fiyano.

Shekara 61 ke tsakanin ayyukan biyu. A 1910 Richard Strauss ya riga ya girgiza duniyar kiɗa da Salome da Elektra, Schoenberg a Biyana ya fara barin tsohon tsarin gidajen sauti, amma Bruch yana nan kan harshen da ya koya tun yana yaro. Wasu suna kiran wannan taurin kai. Ni da nake busa layin klarinet na aikin farko da na wannan, abin da na ji shi ne mutum ɗaya mai son abu ɗaya tsawon rayuwarsa, sai dai tsohon ya koyi rage magana.

An so a fara da Septet a rufe da Opus 83, bisa tsarin shekaru. Na roƙi a juya, aka kuma amince. In yaron ya zo farko, jama'a za su ɗauke shi share fage kafin babban abu. Guntaye uku za su buɗe, a ɗan huta, sannan mutum bakwai su fito su rufe taron.

14 ga Janairu, 2025

Mai biyolin na biyu ya dawo, mun cika. Yau muka fara gwaji a zauren da za a yi taron, na wata majami'ar unguwa da suka ba mu aro. An sa rana: Lahadi 16 ga Fabrairu, kafin bikin karnibal ya cinye garin, kafin kuma azumi ya kama a farkon Maris, domin busa klarinet da busasshen baki wani aiki ne daban.

Zauren da sanyi. Sanyi yana saukar da muryar kayan busa, tsirkiya kuma ba ta bin mu ƙasa, sai ga tsohuwar matsalar Oktoba ta leƙo. Na riƙa sa saman klarinet a hammata kafin mu fara, mai horn yana hura iska mai ɗumi cikin nasa ba tare da sauti ba. Mun roƙi a kunna na'urar ɗumama zauren tun da rana a ranar taron. Amsa-kuwwa ma ta fi ta ɗakinmu yawa, Scherzo yana cakuɗewa, dole a ɗan rage masa gudu. Mun kuma canza zama: basun ya matso kusa da celo, horn ya juya yadda bakinsa ba zai fuskanci bangon dutse ba.

Kan takardar sanarwa, an kawo samfurin da aka rubuta shekarun yaron da manyan haruffa a sama. Dattijon ya ce a'a, ni ma haka. Sunan Bruch da sunan ayyukan biyu da shekarunsu, 1910 da 1849, sun isa. Bayanin shekara 11 zai shiga ɗan littafin da za a raba a ƙofa, tare da labarin mahaifiyarsa da Breidenstein. Ni aka ba rubuta shi, zuwa ƙarshen wata.

Abin da ya rage shi ne babi na huɗu. Mashigar Allegro vivace daga Largo har yanzu ba ta zauna ba, domin mutum biyu ke ba da alama lokaci ɗaya, mai biyolin na farko da kai, dattijon da kafaɗa. An bar wa mai biyolin ita kaɗai. Talata mai zuwa wannan mahaɗar za mu fara da ita, sannan mu kaɗa babin sau ɗaya ba tsayawa, a ɗauka a waya kowa ya saurara a gida.